Wayar da Hamma Ya Wanke

Babanmu ba ya ajiye takarda. Tun ina ƙarama na san shi da haka. In wasiƙa ta zo daga dangi na Mubi ko Yola, zai karanta a zaure, ya sake karantawa, sannan ya miƙa wa Inna ta jefa a murhu. Ya ce haka ya ga mahaifinsa yana yi tun zamanin da suke hawo da kaya ta Binuwai zuwa Garwa. Mu jikokin fatake ne. A nan Garwa aka haife mu, katinmu na shaida na ƙasar nan ne, amma a bakin shingen bincike da zarar mai kaki ya ji Hausa a bakinka sai ya sake duban katin. Don haka dokar gidanmu ita ce mutum ya isa shinge aljihunsa wayam, kada a samu abin da za a tambaye shi a kai. Da wannan dokar Baba ya yi fatauci har ya tsufa, ba a taɓa kulle shi ba.

Ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, lokacin da abin ya faru. Shekarun nan ne da bam ke tashi a kasuwannin Marwa, hanyoyin arewa duk suka cika da shingaye. Yayana, wanda muke ce wa Hamma kamar yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiran babban wa, shi ya karɓi rumfar atamfa daga hannun Baba. Kawunmu na Mubi, wanda suka tashi gida ɗaya da Baba, shi ke aiko masa da kaya, kuma duk cinikinsu a waya suke yi, ta manhajar nan da kowa ke hira da ita. Kawu ya ɗauki hoton atamfa ya turo masa, shi kuma ya turo mini har da muryar Kawun, ni in ce wannan 'yan mata za su so, wancan kuwa sai tsofaffi. Madam Darekta yake ce mini don tsokana.

A saman kowace hira akwai ɗan rubutu da Faransanci, cewa saƙonnin a kulle suke, ba mai iya karantawa a hanya. Kowa a unguwa ya san da wannan, kuma kowa ya san hukuma ba ta so. Ana ta raɗe-raɗin cewa gwamnati na neman a ba ta mabuɗin, in ba haka ba ta rufe manhajar. Kira na layi kuwa an daɗe da sanin ana saurare. In Inna za ta gaisa da ƙanwarta ta layi, daga ina kwana sai ya yara, ta kashe. A cikin mai kullen ne mata suka saki baki. Suna da nasu zauren hira na unguwa, ana sanar da biki da rasuwa, ana faɗa, ana shiryawa. Da yawansu ba su da babbar waya, sai su zo su ari tawa su yi magana a ciki.

An yi mana hutu, Hamma zai kai kaya kasuwar Laraba ta Mokolo, na roƙa ya tafi da ni don in ga duwatsun da yake ba ni labari. Ana gobe za mu tafi, bayan la'asar, Baba ya kira mu zaure ya ce kowa ya wanke wayarsa. Haka yake faɗa, wankewa. Hamma ya ɗan ja, ya ce hotunan nan ai su ne rumfarsa. Baba ya ce wayar cike take da lambobin Najeriya da muryoyin Hausa, sojojin da ke hanya kuwa 'yan kudu ne, ba sa jin ko sannu, abin da ba su gane ba kuma shi suke zargi. Tunda saƙon a kulle yake a hanya, in aka goge na hannu shi ke nan, ya zama kamar wasiƙar da ta shiga murhu.

Hamma ya ɗauki wayarsa. Ya goge hirarraki, ya goge hotuna, ya goge kiran da ya yi da wanda aka yi masa, har sunayen mutane. Ya nuna wa Baba fuskar wayar fari fat, ya ce ga ta nan kamar yau aka haife ta. Baba ya yi murmushi ya sa masa albarka.

Ni na ce to, na shiga ɗaki, na kasa. Kakata ta rasu a damunar da ta wuce, kuma muryarta tana cikin wayata, tana yi mini faɗa kan rashin cin abinci, tana dariya tana cewa a kashe wannan abin haka nan. Na kashe wayar, na naɗe ta a ɗankwali, na cusa a cikin wata kwalla a jeren kwanukan Inna. Baba bai tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba.

Da hantsi muka kusa Mokolo. Hamma yana nuna mini gidajen da ke maƙale a jikin dutse, yana cewa can zai aurar da ni in riƙa hawa da tulu. Ina cikin rama masa direba ya rage gudu. Ganguna ne a tsakiyar hanya da buhunan yashi, sai wata rumfar ciyawa a gefe. Aka ce kowa ya sauka, maza su ɗaga riga, mata su koma gefe guda, mai waya ya riƙe ta a buɗe.

Saurayin da ke gaban Hamma wayarsa cike take da ƙwallo da waƙoƙi. Sojan da ke duba mu ya yi ta ja da yatsa, har ya tsaya ya kalli wani abu ya yi dariya, ya mayar masa. Sai ya karɓi ta Hamma. Ya taɓa nan, ya taɓa can. Na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya tambaye shi sana'arsa, Hamma ya ce ɗan kasuwa ne.

“Ɗan kasuwar da ba wanda ke kiransa?” in ji sojan da Faransanci. “Ko matarka ba ta taɓa ce maka ka sayo gishiri ba?”

Ya kai wayar rumfa wurin babbansu. Wannan ya tambayi lambar Hamma, ya kira wani ya karanta masa ita, ya ajiye, ya ci gaba da cin gyaɗarsa. Muna tsaye a rana ba mai motsi. Da aka sake kiransa ya saurara, ya share hannu a wando ya taso. Bai ɗaga murya ba. Ya ce layin nan safe da yamma Mubi yake kira. Ya ce abin da aka faɗa ta layi suna da shi, gaisuwa ce kawai, kuma ba a kiran mutum kullum don gaisuwa. Sauran maganar tana cikin mai kullen, wadda ba sa iya ji, ga shi kuma an share ta jiya jiyan nan.

“Tunda babu a waya, tana cikin kanka. A nan za mu ɗauka.”

Hamma ya faɗi gaskiya. Ya ce atamfa ce, kawunsa ne, mahaifinsa ne ya ce ya goge don gudun fitina. Bai rufe baki ba gindin bindiga ya same shi. Na ji ƙarar haƙori. Ya durƙusa, jini yana zuba a kan farar rigar da na goge masa da safe, suka rufe shi da takalma, a ciki, a baya, a wuya. Kafin nan wayar ta kulle kanta, da babban yatsansa take buɗewa. Suka ce ya miƙo hannu. Wallahi ba ƙi ya yi ba, zafi ne ya sa ya dunƙule hannun a cikinsa. Ɗaya ya fizgo hannun ya shimfiɗa a kan dutse, ɗaya ya taka. Ya sake takawa. Sannan suka ɗaga yatsan da ya karkace suka danna a jikin wayar, ta ƙi buɗewa saboda jini, suka goge a rigarsa suka sake dannawa.

Na buɗe baki zan kira shi, sai na ji hannu mai kaushi ya rufe mini. Wata tsohuwa ce 'yar kan dutse da ke kusa da ni a mota. Ta raɗa mini da Fulatanci cewa in na ce nawa ne, biyu za a ɗauka, ba mai kai labari gida. Da suka ja Hamma zuwa motarsu ya kalli direba, ya kalli saurayin mai ƙwallo, ya kalli ƙasa. Ni kaɗai ce bai kalla ba. Aka tambaya ko akwai wanda ke tare da shi. Ba wanda ya amsa. Direba ya ce mu shiga, na shiga, na zauna kusa da kujerarsa, hularsa tana kai.

Ban san yadda na dawo Garwa ba. Na dai tuna a tsaye Baba ya saurare ni, da na zo kan maganar wayar sai ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, a kan turɓayar tsakar gida. Inna ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa.

Baba ya yi yawo har ƙafarsa ta kumbura. Duk inda ya je a ce ba a san da maganar ba. Daga baya wani da suke sahu ɗaya a masallaci ya gaya masa an dawo da Hamma Garwa, yana wani gida mai doguwar katanga da ba rubutu a ƙofarsa. Ya ce abu ɗaya suke so, abin da aka goge. In ba a samu ba za a tura shi inda ake tura mutanen daji masu tayar da bam, daga can kuwa ba a cika dawowa ba. Baba ya aika Mubi a karɓo wayar Kawu, tunda rabin hirar tana wurinsa. Ɗan aike ya dawo hannu wofi. Ashe Kawu yana jin labari ya wanke tasa tas, ya karya layin ya jefa a masai. Shi ma tarbiyyar gida ɗaya ce.

Ranar ne na ɗauko kwallar na ajiye a gaban Baba. Ya warware ɗankwalin, ya daɗe yana kallon wayar. Na ce duk abin da Kawu ya turo wa Hamma yana ciki, hotuna da murya. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya tambaye ni me kuma ke ciki. Na gaya masa: zauren matan unguwa, hirata da ƙawayena, Kaka. Inna ta ce a goge na mata a bar na ciniki, amanar mutane ce. Na ɗauki wayar zan kunna, Baba ya riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

“Kada ki taɓa ko ɗaya,” ya ce. “Ko ɗaya, Auta. Gurbin da aka bari shi suke bi.”

Da azahar aka shigar da ni gidan nan mai doguwar katanga, aka bar Baba a waje. Ɗaki ne mai fanka da teburi, da wani mutum cikin farar riga ta gida, yana ƙamshin turare. Ya ce in zauna, har ya tambayi ajina. Ta bayan bango ina jin wani sauti kamar ana bugun katifa, sai wani nishi ya biyo baya. Ya haɗa wayata da kwamfutarsa da igiya, ya ce in buɗe. Na kuskure lambar. Marin da ya yi mini ban ga tasowarsa ba, sai dai na ji kunnena ya toshe, na ga kujerar a samana. Ya jira na tashi. Ya ce in sake a hankali, ba sauri muke ba.

Sannan aka shigo da Hamma. Mutum biyu ne suka riƙo shi, don ba ya iya taka ƙasa. Tafin ƙafarsa ya kumbura ya yi baƙi, ya tsattsage, daga baya na ji da gefen adda ake dukansu a nan. Hannun yana naɗe da tsumman rigarsa. Ido ɗaya ne ke buɗewa. Da ya gan ni ya yi wani sauti a maƙogwaro, ya girgiza kai. Suka zaunar da shi a ƙasa jikin bango, ɗaya ya tsaya a kansa da guntun tiyo.

Mai farar rigar ya ce tunda ni 'yar makaranta ce, zai kunna, ni in fassara. Ya fara da Kawu. Muryarsa ta cika ɗakin, yana cewa mai ganyen nan ta ƙare, sai mai tsuntsu, in ana so a yi magana kafin Juma'a. Na mayar da Faransanci. Ya buɗe hoton, ga atamfa mai tsuntsu. Haka muka yi ta yi, zane bayan zane, har ya fara hamma. Na ce a raina shi ke nan, ya gani.

Bai tsaya ba. Ya shiga hirata da ƙawata, ya kunna inda nake ba ta labarin wani ɗan ajinmu, ina dariya irin wadda ba na yi a gaban maza. Ya sa na fassara wannan ma, kalma bayan kalma, a gaban yayana, masu tsaron suna ƙyaƙyatawa. Ya kunna Kaka. Tana cewa in ci abinci, na rame kamar kara. Na faɗa da Faransanci. Ya ce tsohuwar tana da gaskiya.

Sai ya shiga zauren mata. Akwai wata maƙwabciyarmu mai ɗinki, wadda aka ƙwace wa mijinta mashin ɗinsa na hawa a shinge aka kuma fasa masa kai. Ranar da abin ya faru a wayata ta yi magana, tana kuka. Ta ce Allah ya isa, ta ce masu kakin nan da mutanen daji ba ta ga bambancinsu ba, Allah ya haɗa su su cinye juna. Ya tsayar da muryar yana jirana. Na ce da Faransanci: tana baƙin ciki ne, an karɓe mashin ɗin mijinta, tana roƙon Allah ya saka mata.

Bai kalle ni ba. Ya ɗaga yatsa kawai, mai tiyon ya sauke shi a tafin ƙafar Hamma. Ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan ƙarar ba. Fatar ta fashe, jini ya fantsamo har kan takalmina. Sai mutumin ya juyo ya yi mini magana da Hausa, Hausa garau irin ta cikin kasuwa.

“Ƙanwata, ba haka ta ce ba. Sake.”

Na sake. Na faɗi duk abin da ta faɗa, ban rage ko wasali ba. Ya tambayi wace ce, na yi shiru, ya ɗaga yatsan, kafin tiyon ya sauka na faɗa. Ya tambayi gidanta. Hamma yana cewa a'a, a'a, da bakin da ba haƙoran gaba. Na faɗi gidan. Daga nan duk muryar da ya kunna ina fassarawa tun kafin ya tambaya.

Da la'asar ya zare igiyar ya ce in tafi, wayar za ta biyo ni. Ya ce da tun farko an bar komai a inda yake, da ba a wahalar da kowa ba. Ya ce ran da aka ba su mabuɗin nan, irin wannan duk ba za ta ƙara faruwa ba, don za su ji komai daga ofis ba sai sun taɓa mutum ba. Yadda ya faɗa kamar albishir yake mini.

Sun saki Hamma bayan an ɗan kwana biyu. A bakin titi suka ajiye shi, wani mai mashin ya kawo shi gida, da wayata a aljihunsa. Yana raye. Ƙafar ta warke, yana takawa a hankali kamar mai tafiya a kan tsakuwa. Yatsan bai koma daidai ba, ba ya lanƙwasawa, in zai auna atamfa sai ya danne da gefen hannu. Bai ƙara ce mini Madam Darekta ba. Maganar ɗakin nan kuwa ba mu taɓa yin ta ba, ni da shi.

Mai ɗinkin an zo an tafi da ita da rana tsaka, tana kan keken ɗinkinta. Ta dawo, amma ba ta gaya wa kowa abin da aka yi mata ba, kuma tun daga ranar da hannun hagu take juya keken. An kira wasu matan ma. Ba wadda ta zo ta yi mini faɗa. Sun dai fice daga zauren ɗaya bayan ɗaya har ya rage ni da Inna. In na haɗu da mai ɗinkin a bakin famfo tana amsa gaisuwata, idonta a kan bokiti.

Yanzu Baba ba ya cewa a wanke waya. Kullum da safe sai ya tambayi Hamma ko ya tura wa mutane barka da asuba, ko ya ɗauki hoton kaya, ko akwai ƙwallo a ciki. Ya ce a cika ta, a bar ta da datti. Na ga ranar da wasiƙa ta zo masa daga Yola, ya karanta, ya tashi zai nufi murhu, ya tsaya a tsakar gida da ita a hannu bai san inda zai kai ta ba.

Wayata tana nan. Rubutun nan na Faransanci yana saman kowace hira, cewa a kulle take. Tun da ta dawo take yin zafi ko ba a taɓa ta ba, ban sani ba ko wani abu suka sa mata ko tsufa ne. In za mu yi magana a gida sai in mayar da ita cikin kwalla in rufe, mu koma can bayan madafa. Ban goge komai ba, ba zan iya ba, gurbi zai nuna.

Wani lokaci Inna takan ce in kunna mata muryar mahaifiyarta. Ba ta san an kunna ta a ɗakin nan ba, ban gaya mata ba. Sai in ɗauko wayar in nemo wurin, in danna, in ajiye mata a cinya. Kaka tana fara cewa in ci abinci nake jin bakina yana shirya Faransancin, ina jin ƙamshin turaren nan. Sai in ce wa Inna na bar ruwa a wuta, in fita zaure in tsaya har ta gama.